Hasken da Maijidda Ta Gano

Ana cikin shimfiɗa tabarmin makoki a ƙofar gida wayar Malam Maiwada ta sake ƙara. Jar ƙasar maƙabarta tana nan a ƙafar wandonsa. Da safe matarsa Hansai ta cika a wani asibiti a Funtuwa, kafin azahar an kawo ta Bakori an rufe ta.

"Maijidda ce ko?" in ji ƙanensa Rabe. "Yaya, ɗauka mana."

Maijidda ita ce 'yarsu ta fari. Tana aiki a wata ƙasa ta kudancin Afirka, inda aka kafa manyan madubai a kan tudun hamada suna fuskantar sama. Shekaru ke nan tana bin sawun wani haske da ido ba ya gani, wanda masana suke kira gamma da Turanci. Ta taɓa yi wa uban bayani cewa idan ya bugi iskar da ke saman duniya sai ya yi wata walƙiya shuɗiya, wadda ba ta kai ƙiftawar ido ba, madubin ya kama ta. Ita da abokan aikinta sun gano wani wuri a sararin samaniya da ke harbo irinsa da ƙarfin da ba a saba gani ba. Yau za ta tsaya gaban manyan masana ta bayyana.

"Hansai ta ce kada a tayar wa Maijidda da hankali sai ta gama jawabin," in ji Maiwada.

"Ciwo take nufi, ba mutuwa ba. Uwarta ce fa. A rufe ta yau, 'yarta tana can tana dariya?"

"Jawabin ba zai wuce la'asar ba."

"To in ta tambaye ka, me za ka ce?"

Maiwada ya shige zaure ya ɗauki wayar.

"Baba, ina ta kira. Yanzu za mu shiga. Ka san hasken nan ya baro inda yake tun dubban shekaru, sai yanzu ya iso mana? Ba ni Inna in tsokane ta. Ita da take cewa an tura ni ƙirga taurari alhali ko buhun masara ban iya ɗinkewa ba."

"Ta kwanta," in ji shi. "Ki je ki yi abin da ya kai ki."

A daidai lokacin wani tsohon abokin cinikinsa daga Maska ya leƙo zauren. Kamar yadda kowa ke yi, bai jira ya zauna ba, ya ɗaga murya tun daga bakin ƙofa.

"Malam Maiwada, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Hajiya Hansai, ya sa ta huta."

Maiwada ya rufe bakin wayar da tafin hannu, amma aikin gama ya gama. Ya mayar da ita kunne. Babu abin da yake ji sai hayaniyar mutane da wani yare daga nesa.

"Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "An kai ta?"

"An kai ta."

"Ka gan ta kafin ta cika?"

"Hannunta yana cikin nawa."

Maiwada ya ji wani ya kira sunanta a can, da irin lafazin waɗanda ba su iya faɗinsa ba. Ya buɗe baki zai ce ta yafe masa, ko ta bar jawabin sai wani lokaci, ya rasa wanda ya dace a bakinsa.

"Suna kira na," in ji ta. "Kada ka kashe wayar, Baba. Ba na so in tsaya ni kaɗai."

Ya fito ya zauna a kan tabarma, ya ƙara sautin wayar, ya ajiye ta a tsakiya. Masu ta'aziyya suka dubi juna. Rabe ya ɗaga hannu, mai shirin jan addu'a ya dakata.

Muryar Maijidda ta fito da Turanci. Babu mai ganewa a cikinsu. A wani wuri muryar ta sarƙe, ta tsaya. Maiwada ya sunkuya ya kusanto da kunnensa, yana jira, har ta ci gaba.