Turken Bidi

Intalla ya tura ƙarafunansa cikin gawayi, ya gyara zama, ya kama zuga-zugi. Malam Rabo yana gefe a kan tabarma, a inuwar itacen bedi da ke ƙofar gidansa, da ragamar dokinsa Bidi a hannu ɗaya, tasbaha a ɗayan. Duk sa'ad da garwashin ya ƙara ja, sai ya kawar da kai.

Shi Intalla maƙeri ne, daga cikin mutanen arewa da kakanninsu suka sauko Dakoro suka zauna. Tun suna samari yake yi wa dawakin Malam magani, kuma a duk faɗin garin ba a san wanda ya fi shi iya lalas ba, wato ɗora ƙarfe mai zafi a kan jijiyar da ta ƙi warkewa. Yau don wannan aikin ya zo.

“Malam, in ba za ka iya kallo ba, shiga daga ciki,” in ji Intalla. “Mutumin da ke wanke gawa bai kamata ya ji tsoron ƙarfe ba.”

“Gawa ba ta jin zafi, Intalla.”

“Shi ma na ɗan lokaci ne. Uban wannan dokin da hannuna na yi mashi, ya ƙara shekaru yana kai ka ɗaurin aure.”

“Ya ƙara. Amma har ya mutu in ya hango ka sai ya juya maka baya.”

Intalla ya yi dariya, ya ci gaba da zuga.

A ƙarƙashin dokin, Hafsatu ce durƙushe. 'Yar ƙanen Malam ce, likitar dabbobi a sarwis, wato ofishin kula da dabbobi na garin, wadda mutane ke kira Lokotoro. Ta jiƙa bayan ƙwaurin Bidi na hagu da ruwa, ta manna wasu faifai biyu masu laushi, ɗaya sama da kumburin ɗaya ƙasa, ta naɗe su da bandeji. Wayoyi biyu suka tashi daga nan zuwa wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba. Ta danna, ƙaramar fitila ta kama. Bidi bai ko motsa kunne ba.

Tun cikin damina abin ya faru. Malam yana dawowa daga wata ta'aziyya a hanyar Sabon Maci, ƙafar dokin ta rufta cikin ramin kurege, jijiyar ta ja, dokin ya dawo gida yana ɗingishi. Hafsatu ta aro na'urar daga wani abokin karatunta a Maraɗi. Ta bayyana wa Malam cewa lantarki ne ɗan kaɗan ƙwarai, wanda fata ba ta ma jin shigarsa, ana sa ran ya taimaka wa nama ya haɗe, kumburi ya sauka. Malam bai yarda a sa wa dokin ba sai da aka fara manna masa a nasa hannun. Ya zauna yana jira, bai ji kome ba, ya ce, “To, in bai yi amfani ba, bai cutar ba. Bismillah.” Ta kuma gaya masa gaskiya tun ranar: na'urar taimako ce kawai, babban maganin shi ne dokin ya huta a wuri ɗaya.

Akwai wani miki a ƙasan ƙafar dama, inda igiya ta daɗe tana gurza. Shi ma ta riƙa sa masa faifan, kuma cikin ikon Allah ya kame, har gashi ya fara tsirowa. Jijiyar ce ta ƙi. Yau a ga kumburin ya ragu, gobe a tarar da shi ya dawo da zafinsa. Da abin ya yi tsawo, Malam ya yi wa Intalla alkawari cewa idan aka gama ɗaure gero ƙafar ba ta sauya ba, ya zo da ƙarafunansa. An gama ɗaure gero.

“Baba, ka ƙara mani lokaci,” in ji Hafsatu, ba ta ɗago ba.

“Na riga na ba mutum magana, Hafsatu.”

“Lokotoro, ni ban raina rediyon nan taki ba,” in ji Intalla. “Mikin ta warkar da shi, na gani da idona. Amma jijiya kurma ce, ba ta jin raɗa.”

“Baba Intalla, ƙarfe fata yake ƙonawa. Abin da ke warkar da su bayan lalas shi ne zaman da zafi ke tilasta masu.”

“To, ai ga shi kin faɗa da bakinki, suna warkewa.”

Malam Rabo ya ci gaba da jan tasbaharsa. Ya san abin da malamai suka faɗa a kan wannan: an halatta ƙuna don magani idan babu makawa, amma ba a so a gaggauta zuwa gare ta. Ya kuma san cewa dabba amana ce, kuma za a tambayi mai ita. Abin da bai sani ba shi ne ko an kai inda babu makawar. Ya dubi Bidi, wanda ya kai shi ƙauyuka har bayan Kornaka, ya jira shi a ƙofar masallatai da gidajen makoki ba tare da gardama ba. In aka bar ƙafar haka, gurguntaka ce. In aka ƙona, zai ɗauki tabon da tsoron har ƙarshen ransa, kuma ko hakan ba tabbas.

Ana cikin haka ladan ya kira la'asar. Malam shi ne limamin masallacin unguwa, wanda ke tsallaken hanya.

“A bari sai an yi salla,” in ji shi.

Hafsatu ta kwance faifanta. Malam ya ja dokin a hankali ta zaure zuwa cikin gida, ya kai shi turkensa, ya ɗaura masa igiya a ƙafa kamar yadda ake ɗaure kowane doki a ƙasar nan, ya zuba masa harawa. Ya yi alwala, ya fita. Al'adarsa ce, kuma haka yake koya wa mutane, cewa mai tafiya salla ya tafi da natsuwa, zuciyarsa na gaba, ba ya waiwaye. Hafsatu kuwa, da yake yau ba sammako ta yi ta wuce wurin aiki ba kamar kullum, ta shiga cikin gidan don ta yi salla tare da matarsa Hawwa'u.

A cikin sujada Malam ya roƙi Allah Ya zaɓa masa abin da ya fi alheri, Ya kuma sa ya yarda da shi.

Da suka dawo shi da Intalla, suka tarar da Hafsatu tsaye a tsakar gida riƙe da ragamar Bidi, igiyar kuwa tana yashe a ƙasa.

“Baba, a wace ƙafa kake ɗaure shi?”

“Ta hagu.”

“Mai ciwon?”

“Ciwon yana sama, igiya tana ƙasa. Ta dama ce ke da miki, na ga kina wahala a kanshi, shi ya sa na mayar da igiyar nan don kada ta fama. Ai a tsaye yake, ba inda yake zuwa. Kin ce ya huta a wuri ɗaya.”

Hafsatu ta dubi igiyar da ke yashe a ƙasa. Ita kanta ba ta taɓa tambaya ba. Duk zuwan da take yi, Malam ya riga ya fito da dokin ƙofar gida yana jiran ta, don kada ta makara.

“Zo ka ga wani abu, Baba.”

Ta nuna masa ƙasa. A gaban turken, ta wajen zaure, kofato ya haƙa wani kwari mai lanƙwasa, daidai inda tsawon igiyar ya ƙare. Turken kansa ya karkata, kuma zaure yake fuskanta. Malam ya san wannan karkatar. Ya sha ɗauko taɓarya ya sake kafa shi, yana cewa rairayin gidan ne ba ya riƙe itace.

“Kana ba da baya ya zabura,” in ji Hafsatu. “Ya bi ka da ƙarfinshi duka, igiyar ta fizge ƙafar. Ya koma, ya sake. Sai da ya daina jin takunka ya tsaya yana rawar jiki.”

Hawwa'u tana bakin madafa tana tankaɗe. Ta ce, “Kullum haka yake. Kowace salla. Tun da ka daina fita da shi.”

“Ba ki taɓa faɗa mani ba, Hawwa'u.”

“Na ɗauka ka sani, Malam. Dokinka ne. Ni na ce kewa ce kawai, har ina yi mashi magana in ce ya yi haƙuri, yanzu za ka dawo.”

Malam Rabo ya durƙusa, ya sa tafin hannunsa cikin kwarin da kofato ya haƙa. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya shafa bayan ƙwaurin dokin, ya ji ɗumin da ya ƙaru a kan na ɗazu. Ya ce, “Astagfirullah,” a hankali, ya miƙe.

Intalla ya zagaya turken, ya girgiza shi da ƙafa.

“Ko na ƙona shi, in yana wannan, aikin banza ne,” in ji shi. “Da an ce hannuna ya tsufa.”

“To, me za a yi?” in ji Malam. “A mayar dama, miki ya dawo. A ɗaura a wuya, ya shaƙe kanshi.”

“Kada a ɗaure shi sam,” in ji Hafsatu. “A yi mashi ɗan shinge, mai faɗin da zai juya ya kwanta, ba wanda zai yi gudu ba.”

“Doki a shinge kamar tunkiyar layya?” in ji Intalla. “Malam, gobe a kasuwa za a ce limamin unguwa ya rasa igiya.”

“Su faɗa. An faɗi abin da ya fi wannan a kaina ranar da na sa Hafsatu lekol, makarantar boko.”

Akwai dirkoki da sanduna jingine a bayan rumbu, waɗanda aka tanada don sabuwar rumfa. Hawwa'u ta ce rumfar ba ta gudu. Malam ya zaɓi wurin da kansa, a kusurwar da katangar gidan ta yi ƙasa, inda mai tsayi zai iya hango hanya da ƙofar masallaci. Maƙwabta biyu da suka ji sara suka shigo da diga. Aka haƙa ramuka, aka kafa dirkokin. Da aka zo ɗaura sandunan gicciye, sai igiya ta riƙa zamewa a jikin itacen, ga shi babu abin huji.

Intalla ya tsaya yana kallo, ya yi tsaki, ya fita. Jim kaɗan ya dawo da kaskon gawayinsa, ƙarafunan suna ciki jajur.

“Ku kauce. Ba zan mayar da su gida da sanyi ba, matata ta ce yawo na je.”

Ya ɗora bakin ƙarfen a jikin dirka, ya danna. Hayaƙi ya tashi, ƙanshin itace ya cika gidan, ƙarfen ya ɓulla ta ɗaya gefen. Haka ya bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya yana huda su daidai wa daida, Hafsatu na zura igiya tana ɗaurewa. Bidi yana can hannun Malam, ya ɗaga kunne yana shaƙar hayaƙin daga nesa.

“Lokotoro, ki shaida,” in ji Intalla yana goge gumi. “An yi lalas a gidan nan yau. Malam bai saɓa alkawari ba.”

“Na shaida, Baba Intalla.”

“Amma in wata ya kama ya mutu ƙafar nan ba ta sauka ba, zan dawo.”

“In ba ta sauka ba, ni zan aika a kira ka,” in ji Malam.

Hafsatu ta ce za ta roƙi mai na'urar ya ƙara mata kwanaki, kuma ba ta yi wa kowa alkawarin kome ba. Jijiya tana ɗaukar watanni, in ji ta, kuma ko ta warke, ba lalle ba ne Bidi ya sake doguwar tafiya. In kumburin ya sauka, za a fara jan sa da hannu a hankali, daga gida zuwa ƙarshen layi.

“Zuwa masallaci ma ya isa,” in ji Malam. “Abin da Allah Ya ba mu daga ciki, mun gode.”

Aka shimfiɗa yashi mai laushi, aka shigar da dokin, aka cire ragama. Ya tsaya a tsakiya bai motsa ba, kamar yana jiran a kama ƙafarsa. Da ya ga ba wanda ya sunkuya, ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya sa baki cikin harawa. Hawwa'u ta kawo fura, suka sha a tsaye, maƙwabta suka yi sallama.

Rana ta faɗi, ladan ya kira magariba. Malam Rabo ya yi alwala, ya gyara rawaninsa, ya fita ta zaure da natsuwarsa ta kullum, Intalla na biye da shi. Ya tsallaka hanya. Mutane sun riga sun fara tsayuwa a sahu. Ya cire takalmi, ya ɗaga ƙafar dama zai shiga, sai ya dakata. Ya waiwaya.

Kan Bidi yana bisa katanga, kunnuwa a tsaye, yana kallon sa. Bai zabura ba.

Malam ya ɗaga masa hannu kaɗan, ya shiga ya ta da salla.