Turakun Lagar

Bawa ya ƙare ƙuruciyarsa a Paraku, can Dahomai, yana ɗaga wa jirgin ƙasa tuta. Da ya ji za a ja dogo har Yamai, sai ya tattaro komatsansa ya kama garka a Gamkalle, bayan masana'antu, inda masu awo suka kafa turakun ƙarfe suka ce nan lagar, tashar jirgi, za ta zauna. Masu awon sun tafi cin abinci, ba su dawo ba. Matarsa ta rasu tana jiran jiniyar jirgi.

Turakun sun raba garkar biyu, kuma ɓangaren kogi, mai damshi, shi ne rabon jirgi. Ko albasa Bawa bai taɓa dasawa a can ba. Ma'aikacin dogo ba ya shuka a kan hanya. Kowace safiya share wurin yake yi tas.

Fari ya zo, sojoji suka biyo bayansa suka karɓi mulki. Kogi ya janye, ganyen salatin da ya dasa a tudu ya ƙone.

"Baba, mu dasa gangaren nan mana," in ji 'yarsa Hamsatu. "Can kaɗai ƙasa ke riƙe ruwa."

"Hanya ce."

"Hanyar wa? Ko kunkuru ne ya taso daga Paraku, da ya iso."

"Ba ki taɓa ganin yadda jirgi ke yi da akuya ba."

"Jirgin ma ban taɓa gani ba, Baba."

Rediyo ta sanar cewa gona ta mai noma ta ce. Ba a daɗe ba wani sajan ya iso da kamiyo, babbar mota, cike da mutanen arewa waɗanda shanunsu suka ƙare. Ya tsaya a filin nan shararre.

"Tsoho, na wa ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Na lagar ne."

"Me ka shuka?"

"Ba a shuka a kan dogo."

Sajan ya dubi gabas, ya dubi yamma, kamar mai shirin tsallake hanya. "Ku sauke kaya."

Kafin la'asar bukkoki sun tashi. Wata mata ta ɗaure akuyarta, ɗaya tal, a jikin turken lagar. Bawa ya taka wurinta da sauri.

"Baiwar Allah, kwance ta daga nan."

"Don me, Baba?"

Ya dubi akuyar, ya dubi hanyar da babu dogo a kanta. Hamsatu ta ɗauki bokiti ta haura tudu wurin ƙonannen salati.