Ranar Kwashe Ɗakin Fim

Da aka koma duba hotunan marasa lafiya a kwamfuta, sai aka ce a kwashe tsohon ɗakin ajiye fim na hoton ƙashi a asibitin koyarwa, a mayar da shi ofis. Dakta Phebe Jona, mai karanta hotunan yara a sashen, ta ce ba wanda zai taɓa ambulan ko ɗaya sai ta duba. Ranar Asabar ta taso daga unguwar Mairi da tsintsiya, ta tarar Farfesa Mikail Ba'ana ya riga ta zuwa, ya naɗe hannun riga.

"Wushe, Ya Phebe," ya gaishe ta da Kanuri. Haka yake kiranta tun suna ƙananan likitoci, don ta girme shi da shekara biyu.

Rana ɗaya aka ɗauke su aiki, shekara ashirin da bakwai da suka wuce. A lokacin injin hoto ɗaya ne. In an ɗauke wuta, sai su ɗaga fim a jikin taga suna ƙirga haƙarƙarin jariri da hasken rana. Ita ta iya lallashin yaro ya tsaya cak, da Hausa ko da Bura ko da 'yar Kanurin da ta tsinta wajen iyaye mata. Shi kuwa in yaro ya tsala ihu, sai ya leƙo ya ce a kira Ya Phebe. Suka yi ta tuna waɗannan suna dariya, ƙura na sa su atishawa.

Can Mikail ya zaro wani ɗauri mai rubutun hannunta. Hotunan ƙashin yara masu sikila ne, guda tamanin da huɗu.

"Kin tuna? Takardarmu ta farko."

"Na tuna. Ni na tara su, ni na rubuta. Kai ka kai ta taro Ibadan, don ina jegon Gloria. Da ta fito a mujalla, sunana ne na uku."

Ya ce ai shugaban sashe na wancan lokaci ne ya jera sunayen.

"Shi ne. Amma ka gani, Mikail."

Bai musa ba. Bayan takardar nan ya samu tafiya karatu waje. Da aka zo kanta, aka ce wa zai riƙe yara, na gida da na asibiti? Shekarun rikici, da aka riƙa kawo yara daga sansanonin gudun hijira da tari da rama, ita ce a gaban allon haske daga safe har la'asar. Ɗalibai da jarrabawa duk a wuyanta. Ya zama farfesa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ita tana nan babbar malama.

"Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Yara na jira a layi. Kuma ina son aikin. Ba na nadamar ko fim ɗaya a ɗakin nan. Sunan ne kawai ya tsaya mini a rai."

Suka ci gaba da aiki. Da azahar ya fita ya yi salla, ya dawo musu da shayi. Ya nuna kwalaye shida da ta ware, na yaran sansani, ya tambaye ta ko an taɓa rubuta wani abu a kansu. Ta ce da wane lokaci?

Litinin ya je wurin shugabar sashe ya karɓi ajujuwan Phebe na zango biyu. Ɗalibai suka yi ta ƙorafi, wai Farfesa yana sauri kuma ba ya haƙurin tambaya. Ita kuwa ta zauna ta rubuta takardu uku, biyu suka samu shiga mujalla.

An ba ta muƙamin mataimakiyar farfesa saura shekara huɗu ta yi ritaya. Matan cocinsu suka dafa shinkafa, Gloria ta zo daga Jos da 'ya'yanta. Mikail bai samu zuwa ba, yana ba da jarrabawa.