Kwali na Arba'in

Ranar Litinin aka dakatar da malamar aji biyar daga aiki. Takardar layi huɗu ce: ta ɗauki kayan makaranta ba da izini ba, ta zauna a gida har kwamiti ya zauna. Wanda ya sa hannu hedimasta ne, yayan mijinta. Gida ɗaya suke, katanga ce kawai ta raba sassansu.

Kayan da ake magana a kai kwamfutar hannu ce guda ɗaya, daga cikin arba'in da wata ƙungiya ta ba makarantar wata bakwai da suka wuce. An yi wa malamai horon kwana uku kan yadda yara za su riƙa nemo ilimi da kansu, rukuni-rukuni, malami yana zagayawa. Ana gamawa hedimasta ya mayar da kowace cikin kwalinta, ya jera su a sito, ya garƙame da kwaɗo biyu. Ko ledar da ke kan gilashin bai bari an ɓare ba.

"Amana ce," haka yake cewa. "Ranar da masu su suka dawo, yadda suka ba ni haka zan nuna musu."

Sau uku aka fito da su, duka ranar baƙi. A raba wa yara, a ce su ɗora yatsa su yi murmushi, a ɗauki hoto, a karɓe. Yawancinsu ko caji babu. A karo na uku malamar ta mayar da talatin da tara. Kwali na arba'in ta cusa masa tsohon littafi don ya yi nauyi.

Mako shida tana aiki da ita. Yara sittin da biyu, rukuni takwas, kowane rukuni da lokacinsa. Aji ya cika da surutu da gardama, har sai ta rufe tagogi. Cikin yaran akwai 'yarta, Auta, wadda ke zama a gindin allo amma duk da haka sai ta ƙanƙance ido. Autar ce ta gano cewa in ka ɗora yatsu biyu a gilashin ka ware su, rubutu yana girma. Ita ta koya wa sauran. A makon nan ta karanta shafi guda a gaban aji ba ta tsaya ba, karo na farko a rayuwarta.

Asiri ya tonu ne da aka ce ƙungiyar za ta zo ranar Alhamis. Hedimasta ya shiga sito yana buɗe kwalaye ɗaya bayan ɗaya.

* * *

Ranar Talata malamar ta kasa zama. Ta yi shara, ta wanke abin da ta wanke jiya, ta sake ɗaukar tsintsiya. Duk ƙararrawar makaranta da iska ta kawo, sai ta lissafa darasin da ake ciki.

Mijinta, tela ne, ya ɗago daga kan keken ɗinki. "Ki zauna mana, uwar Auta. Kin share tsakar gidan nan har ƙasar ta fara ƙarewa."

"Ka yi wa Yaya magana?"

"Na yi. Ya ce a makaranta ba shi da ƙani."

"A gida fa?"

"A gida ya ce maganar makaranta ce."

Washegari ta tare hedimasta a bakin ƙofa yana ƙoƙarin tayar da babur.

"Ina kwana, Yaya."

"Lafiya."

"Ko tsaga babu a jikinta."

"Kin ɓare ledar."

"Yaya, leda ce."

Ya kashe babur ɗin. "In ɗaya ta fashe, wa za a kira, ni ko ke? Shekara biyu ta rage min in ajiye aiki. Wanda na gada, injin buga takardu ɗaya ya lalace a hannunsa, har yau takardun sallamarsa suna kan teburin wani. Kina so in tsufa a baranda ina jiran sa hannu?"

"Auta tana karatu yanzu. 'Yarka ce."

"Shi ya sa ban rubuta sata ba."

Ya tayar da babur ya tafi.

* * *

Ranar Alhamis an share harabar makaranta, an jera kwalayen a kan tebur a ɗakin malamai. Jami'ar ƙungiyar, matashiya mai jaka a baya, ba ta ko dubi kwalayen ba. Ta nemi wurin caji, ta kunna kwamfutocin, ta buɗe inda kowace ke nuna tsawon lokacin da aka yi aiki da ita.

"Minti goma sha ɗaya," ta karanta, tana rubutawa. "Minti huɗu. Wannan ba a taɓa kunna ta ba."

"Sabbi fil," in ji hedimasta. "Kin ga ko ƙura babu."

"Na gani, ranka ya daɗe. Ƙa'idarmu ita ce, makarantar da ba ta amfani da su, ana kwashewa a kai wata makarantar."

Ta ɗauki ta ƙarshe, mai zanen yatsu a gilashi, ta daɗe tana kallo.

"Awa ɗari da arba'in. Wane aji ne wannan?"

"Aji biyar."

"A kira min malamin."

"Malama ce. Tana hutu."

"A tsakiyar zango?"

Hedimasta ya ciro hankici ya share wuya.

Jami'ar ta ce za ta rubuta abin da ta gani, manyanta ne za su yanke hukunci. In malamar ta aiko da tsarin da ta bi a rubuce, da sa hannunta a matsayin ma'aikaciyar makarantar, wataƙila a ɗaga musu ƙafa. Hedimasta bai gaya wa jami'ar cewa kwafin takardar dakatarwar ya riga ya isa ofishin ilimi tun Litinin ba.

* * *

Bayan an tashi daga makaranta, Auta ta shigo da saƙo.

"Mama, Baffa ya ce ki rubuto yadda kika raba mu, ki sa hannu."

"Ya ce in koma aiki?"

"Bai ce ba."

Yarinyar ta zauna a tabarma ta buɗe littafin karatu, hancinta kusan yana taɓa takarda. Can ta ɗora yatsu biyu a kan shafin, ta ware su. Ta sake. Sai ta janye hannun ta saci kallon uwarta.

Malamar ta ɗauko takarda da biro, ta ajiye, ta fita tsakar gida, ta dawo. Har yanzu ba ta rubuta komai ba.

Kwamiti bai sa ranar zama ba. Motar ƙungiya za ta zo ƙarshen wata, ba a san ko fanko za ta koma ba. Kwamfuta ta arba'in tana sito cikin kwalinta. Hedimasta ya nemo ledar, ya sake manna mata.