Sun Rufe Fuskar Laure

Laure tana baza shinkafar da ta turara a tsakar gida sai maƙwabciyarta Adama ta faɗo ba sallama, waya a hannu.

"Laure, duba nan. Ke ta wagga?"

An dusashe fuskar matar da ke cikin bidiyon, an kaurara muryarta kamar ta namiji. Tana faɗin yadda 'yan sa-kai suka ɗauke mijinta daga fadama don ya ƙi sakar musu gonarsa. Babu sunan garinsu Zauro, babu na mijin Laure, Labbo. Amma matar ta ce, "Tun da sunka tafi da Mai Farin Jirgi ban runtsa ba."

Laure ta kawar da ido daga wayar. Ba ta taɓa kama sunan mijinta ba tun ranar aure, kuma duk Zauro an san bakin da ke kiran Labbo da wannan alkunya.

"Har a majalisar mahauta ana kallo," in ji Adama. "Mi ya kai ki?"

* * *

Babur ya sauke ta a unguwar Badariya, a ofishin ƙungiyar ƙasashen waje da ta yi mata alkawarin karɓo Labbo a asirce. Sumayya, ma'aikaciyar da ta ɗauki maganarta, ta kasa haɗa ido da ita.

"Inna, ba mu muka saki bidiyon ba. Wata ƙungiya ce da muke aiki tare, mun ba su don su taya mu matsa lamba. Su a ganinsu shiru ne ke kashe mutane, mu kuma muka ce a bari a fito da mijinki tukuna. Manyanmu suna can waje suna ta musu."

"To, ɗiyata, su goge mana."

"Ya riga ya bazu. Sun cire duk sunaye, ba su san alkunya ma suna ba ce."

"Waɗanda ke riƙe da shi fa?"

Sumayya ta ce, "Sun daina ɗaga wayarmu."

* * *

Da la'asar Laure ta tuƙa tuwo, ta ba ƙanen mijinta Dikko ya kai sansanin 'yan sa-kan, kamar kullum. Tun da aka kama Labbo, kwanon yakan dawo a suɗe, da haka take sanin yana raye.

Kafin magariba Dikko ya shigo, ya ajiye kwanon a gabanta, ya fita. Ta ɗora tafinta a kan murfin. Da sauran ɗumi, da nauyinsa.