Ƙyauren Ɗanmusa

Ƙyauren ya taso har gwiwar Ɗanmusa, ya ɗan tsaya kamar mai shawara, sannan ya koma ƙasa da ƙarar da ta watsa awakin layin. Matan da suka zo niƙa, kowace da kwanonta a ka, suka zuba masa ido.

"Mi kuke kallo?" in ji tsohon, yana haki. "Gaisawa munka yi da shi. Ku ba ku gaida mutane da safe?"

Aka yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. Sadisu mai faci yana tsallaken hanya, hannunsa cikin bahon ruwa yana neman inda tayar wani babur ta huje. Tun yana saurayi yake kallon wannan ƙyaure, bai taɓa ganin ya ƙi Ɗanmusa ba sai yau.

Duk Bagudo an san ƙyauren. Gefen bodin wata babbar mota ne da ta faɗi a hanyar Tsamiya, Ɗanmusa ya kai wa mai walda, zamanin da yake jigilar albasa zuwa ƙasar Benin da a-kori-kurarsa. Ba ya buɗewa gefe kamar na mutane. Sama yake yi, tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu. Ba kwaɗo, ba sakata. Ɗanmusa ya sha faɗa cewa ɓarawon da ya iya ɗaga shi ya kwashi abin da ya samu, ya yafe masa duniya da lahira. A-kori-kurar ta daɗe da tafiya wurin 'yan gwangwan. Injin niƙan matarsa, Inna Sabuwa, shi ke cikin garejin yanzu, kuma ba a tayar da shi sai ƙyauren yana sama, saboda hayaƙi.

Ƙarti sun gwada sun gaji. Masu dakon albasa sun gwada, wani ɗan kokawa daga Bahindi ya gwada har wandonsa ya dare. Sadisu, wanda shi ma ya yi kokawa a ƙuruciya har ana yi masa kiɗa, ya fi kowa gwadawa. Kullum abu ɗaya ne ƙarshensa. Ɗanmusa, ɗan siriri kamar karan dawa, zai ce, "Bari in sha ruwa," ya shiga gida, ya fito yana goge baki, ya sa hannu ya tura ƙyauren sama. Kowa ya yarda akwai abin da yake sha a wani ɗan ɗaki da ke jikin garejin, wanda ko ɗan cikinsa bai taɓa leƙawa ba.

Da matan suka watse, tsohon ya ɗaga murya. "Sadisu! Bar wagga taya ka taho."

Ya ja shi cikin gida, ya sa makulli ya buɗe ɗan ɗakin. Sadisu ya yi bismilla kafin ya sa ƙafa, yana zaton zai ga ƙwarya da layu. Ba abin da ke ciki sai warin baƙin mai. Can sama, wilin babur ne da aka cire wa taya, sarƙa ta bi ta kansa. Gefe ɗaya na sarƙar ya ratsa bango ya kama kan ƙyauren, ɗaya gefen yana riƙe da rabin duro cike da duwatsu, yana reto. A ƙarƙashin duron an kafa wani dogon bututun ƙarfe.

"Ga maganin nan," in ji Ɗanmusa. "In wanga bututu na tsaye, duro ba shi sauka, nauyin ƙyaure duk naka ne. In na kawar da shi, duwatsu su ja, ni in taɓa kawai. A Kandi na gani, garejin wani Bature, ina yaron mota."

Sadisu ya dubi duron, ya dubi tsohon.

"Baba Ɗanmusa, ka ji tsoron Allah. Ni da na sha jiƙon da wani mai magani ya haɗa min a kasuwar Kende saboda kai, na wuni ina zarya bayan gida! Matata Raliya har yau in na ɗaga mata murya sai ta ce in je in ɗaga ƙyaure tukuna."

Ɗanmusa ya yi dariya har ta koma tari, tarin kuma ya daɗe bai sake shi ba. Sadisu ya riƙe shi ya zaunar da shi kan wani tsohon galan.

"To mi ya hana shi tashi yau?"

"Tun farko da gangan na rage duwatsun, don jijiyar wuya ta riƙa fitowa, mutane su ga ana aiki. Ɗan ragowar nan ne yau ya fi ƙarfina." Ya share bakinsa da hannun riga. "Likita ya gama tashi magana, ni ma na ji a jikina. Ba shi ke damuna ba. Ɗana Abdulganiyu ya ce ranar da ƙyauren ga ya daina tashi, shina zuwa ya ɗauki uwarsa zuwa Birnin Kebbi. Gidan sama, Sadisu. Matar da in ba ta ji ƙarar inji da gulmar mata ba, tuwo ba shi wuce mata wuya. Can za ta bushe kamar albasar da anka manta a rana. So nike wanga ƙyaure ya zama daidai hannunta kafin in tafi."

"Sai a gaya ma mutane gaskiya, kowa ya taimaka."

"Ka gaya ma wa? Ɓarayi su ji? Kuma ka bar ni in tafi da sunana mana. Shi kaɗai gare ni."

Washegari Sadisu ya ɗauko duwatsu daga bakin gulbi, buhu guda a bayan babur. Duk wanda ya tambaye shi sai ya ce Raliya ce ke son sabon murhu. Da rana ta take, layin ya yi shiru, ya hau tsani yana jefa su cikin duron, tsohon yana zaune a ƙasa yana ba da umarni.

"Ƙara. Ƙara wani. Ya isa haka."

Amma haushin jiƙon Kende bai bar Sadisu ba. Ya lallaɓa ya ƙara wani ƙato kamar kan rago, ya sauko, ya janye bututun.

Duron ya sulalo ƙasa kamar guga ya kuɓuce a rijiya. A waje ƙyauren ya yi sama shi kaɗai, ya bugi ƙarshen ƙarafansa, garam! Wasu 'yan mata masu tallan gyaɗa suka zubar da faranti suna ihun aljannu. Wani mai keke ya faɗa kwata. Ɗanmusa, wanda da ƙyar yake tafiya tun safe, sai ga shi a ƙofar gida ya gyara hula.

"Ku kwantar da hankalinku," ya ce. "Daga ciki na yi mishi tsawa."

Rufewa kuma ta zama aiki. Sai da Sadisu ya kama igiyar da ke jikin ƙyauren ya yi lilo da dukan nauyinsa kafin ya sauko.

"Ka gani," in ji tsohon, "ko ba ka iya buɗewa, yau ka rufe. In gaya ma Raliya?"

Suna komawa ɗan ɗakin suka tarar da Inna Sabuwa a ciki, 'yar gajeruwa, gari a girarta, riƙe da kwalbar baƙin mai da gashin kaza. Tana shafa wa sarƙar mai kamar mai shafa wa jika.

Ɗanmusa ya dafa bango. "Ke, wa ya ba ki makulli?"

"Malam, makullin da ke cikin hularka ta Juma'a tun kafin gemunka ya yi fari? Sarƙar da ba ta taɓa kuka ba tun da anka ɗaura ta, kai cewa kake aljannunka ke ba ta mai?"

"Kuma ba ki taɓa faɗi ba."

"Kana jin daɗinka. Mi zan ce?"

Sadisu ya zauna a ƙasa ya yi dariya har hawaye. Tsohon ya yi ta gyaran murya, daga baya shi ma ya shiga dariyar.

Sauran aikin su uku suka yi shi. Inna Sabuwa tana cikin gareji tana gwadawa, Sadisu yana cire duwatsu, Ɗanmusa yana zaune a bakin ƙofar da ta haɗa gida da garejin, yana kallon hannunta. In an cire da yawa, ƙyauren ya yi mata nauyi. In an mayar, ya nemi ƙwacewa. Can Sadisu ya zaro wani ɗan dutse mai sulɓi, bai fi mangwaro ba.

"Ɗaga," in ji tsohon.

Ta ɗaga har ƙugunta.

"Sake shi."

"Ya faɗo min a ƙafa?"

"Sake shi, na ce."

Ta saki. Ƙyauren ya tsaya cak inda ta bar shi, bai hau ba, bai sauka ba. Ɗanmusa ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi ɗan dutsen, ya jefa a aljihu.

Kwanakin da suka biyo baya sunan Ɗanmusa ya ƙara tashi. Mutumin da iska ke neman kayarwa, ga shi yana fitowa da sanda, ya ce, "Bari in sha ruwa," ya dawo ya ɗaga ƙyauren da ɗan yatsa. Har daga Zagga wani ya zo kallo. Ladanin unguwa ya ja shi gefe ya yi masa nasiha a kan mu'amala da aljannu, tsohon ya saurara da ladabi, ya ce in Allah ya yarda ya kusa dainawa.

Ya daina ɗin. Wata safiya bai fito ba, Inna Sabuwa ma ba ta tayar da inji ba, tana ɗaki wurinsa. Sadisu yakan shiga da kunu daga gidansa. Ranar Laraba da hantsi tsohon ya buɗe ido ya gan shi.

"Ka ci abinci dai? Ƙato kamar kai, ƙyaure ɗaya ya gagare ka."

Ita ce maganarsa ta ƙarshe da Sadisu. Kafin azahar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa. Sadisu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, kuma duk hanyar maƙabarta yana jin kamar ba kowa a kafaɗarsa.

Ranar sadakar uku mata suka tara geron gumba a ƙofar gareji. Abdulganiyu, wanda ya zo tun ranar rasuwar, ya fito idonsa ja. Mutum ne mai hankali, kuma uwarsa yake ji.

"Ku kai wani injin," ya ce. "Wannan wurin ya rufu ke nan. Mai buɗe shi ya tafi, Inna kuma ba za ta zauna ita kaɗai tana kallon ƙarfe ba. Jibi za mu wuce tare." Ya juya. "Ko za ka gwada, Yaya Sadisu, ko don geron nan?"

Duk masu zaman makoki suka juyo. Raliya tana cikin matan, ta rufe baki da mayafi. Sadisu ya san abin da zai ce kawai: bari in sha ruwa. Ya shiga, ya kawar da bututu, ya fito, yau duk Bagudo ta ga ya ɗaga ƙyauren Ɗanmusa. Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta.

Ya tofa yawu a tafin hannu, ya durƙusa, ya kama gindin ƙyauren. Ya yi nishi, ya yi gurnani, ya kira sunan kakansa, ƙafarsa ta zame ya zauna daɓas a ƙasa. Dariya ta ɓarke, ta farko a layin tun ranar Laraba. Har liman sai da ya sunkuyar da kai.

Ana cikin dariyar aka ji wani ɗan motsi daga ciki. Ƙyauren ya taso a hankali, ba ƙara, ya wuce gwiwa, ya kai ƙugu, ya tsaya. Ba abin da ake gani sai ƙafafu biyu ƙanana cikin silifas ɗin Ɗanmusa da suka yi musu yawa.

"Ku miƙo geron," in ji muryar Inna Sabuwa.

Abdulganiyu ya durƙusa ya leƙa. "Inna? Ke ce kika ɗaga?"

"Ubanku ya bar min sauran ruwan da yake sha." Ba ta kiran sunan Abdulganiyu, ɗanta na fari ne. "Kai ɗan Birni, motarka ta tare ma mata hanya."

Ya daɗe a durƙushe yana kallonta tana zuba wa injin mai, tana gyara bel, ba ta ko waiwayo ba. Da injin ya tashi, ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya je ya matsar da motar. Ranar da ya ce za su wuce, shi kaɗai ya wuce, da ƙullin garin kunu a kujerar gaba.

Duk tsawon takabarta, iya ƙugu Inna Sabuwa take ɗaga ƙyauren. Mata su sunkuya su shiga, su sunkuya su fito, masu wucewa ba sa ganin komai sai ƙafafu. Ɗan dutsen nan mai sulɓi, da ta tsinta a ƙarƙashin matashin Malam, ta aika wa Sadisu da shi. Da shi yake danne faci kafin ya kama. Yakan ɗora shi, ya zauna yana jira, yana kallon tsallaken hanya, inda ƙyauren yake tsaye a rabi ba abin da ya tokare shi, farin gari yana fitowa ta ƙarƙashinsa yana sauka a kan takalman da aka jera a waje.