Sharaɗin Manhajar Yanka

Ƙanwata ta faɗo shagona da gudu, kwamfuta a hammata. "Yaya, ta yi! Zo ki gani!"

Wata uku tana gyara min wata manhajar kyauta mai zana yankan kaya, don ta fitar da wando daidai da mai zama a keken guragu. Na yanka, na ɗinka, ya zauna cif. Har rawa na taka tsakanin kekunan ɗinki.

Na ce, "Raba wa ƙawayena teloli, amma ki kulle ta. Kada ta kai hannun Mai Almakashi na tsallaken titi."

Ta tuntsire da dariya. "Ba dama, Yaya. Sharaɗin masu ita shi ne: in kin raba, sai a buɗe, har da gyaranki, kuma kowa na iya ba wani."

Na ja tsaki, na ce ta raba.

Ran Talata sai ga Mai Almakashi yana washe baki. Manhajar ta kai hannunsa, har matarsa ta gyara lissafin wuyan riga a cikinta, wanda ya daɗe yana ba ni kunya.

"Ga naki," in ji shi. "Sharaɗi ne."

Shekara tara muna gaba. Ranar na jawo masa kujera.